Wane kifi ya dace da tankin dashen murjani a zafin Sakkwato?

Abu_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar ruwan gishiri. Na haɗa tankin dashen murjani, wato inda ake renon 'yan guntayen murjanin da aka yanko, tsawo santimita 120, faɗi 60, zurfi 30, ruwan da yake ci ya ɗan haura lita 200, ban da ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashinsa. Babu yashi a gindinsa, gilashi ne zalla, sai ragar roba da nake jera 'yan dashen a kai. Abin da ke ciki yanzu nau'in murjani uku ne, zowa da murjanin laimar kwaɗi da ɗan montifora, duk a manne kan 'yan marafan yumɓu. Awon gishirin ruwan yana 1.025, zafi kuma ina fama in riƙe shi tsakanin digiri 26 da 27. Damuwata ita ce gansakuka mai gashi-gashi ta fara kama ragar da gefen marafan, alhali awon naitiret, takin da gansakuka ke sha a ruwa, sifili yake nuna mini. An ce mini rashin kifi ne. To wane kifi? Ba ado nake nema ba, ma'aikaci nake so, wanda ba zai taɓa mini murjani ba.

Sarkin_Ruwa_Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam. Ni dai tarwaɗa nika kiwo, ban san kihin teku ba. Amma Malam Abu, teku tana Legas kai kana Mabera, mi ak kai ka ga wanga aiki? Ruwan ma ina kaka samo shi?

Abu_Mabera:
Baba Sarkin Ruwa, haɗa shi ake yi. Akwai gishirin teku na musamman da ake sayarwa a bokiti, a zuba kamar giram 36 zuwa 38 a kowace lita ta tataccen ruwa, a bar famfo ya juya shi har ya narke. Gishirin miya ba ya yi, don babu kalsiyam da maganiziyam ɗin da murjani ke gina ƙashinsa da su.

Injiniya_Bello:
Malam Abu, bari mu fara da sifilin nan. Kada ya ruɗe ka. Naitiret ɗin yana nan, gansakukar ce take shanye shi kafin ya kai ga kwalbar awonka. Amma wanda ya ce maka rashin kifi ne bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Murjani dabba ce, a cikin namanta akwai 'yan ƙananan tsirrai da ke haɗa mata abinci da haske, su kuma suna bukatar takin da kifi ke fitarwa. Tankin da ya rasa wannan taki, wato naitiret da fosfet, kwata-kwata sai ka ga launin murjani ya koɗe, daga baya wata majina mai ruwan ƙasa da kumfa ta lulluɓe komai, wadda ta fi gansakukar da kake kuka da ita masifa. Yawancin masu dashe suna son naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1.

Ni da a ce nawa ne, da bileni zan fara, wani ƙaramin kifin teku mai cin gansakuka. Akwai mai ɗigo a wutsiya, Ecsenius stigmatura, ɗan ƙarami ne, bai wuce santimita 6 ba, ba ruwansa da kowa. Akwai kuma babban, Salarias fasciatus, wanda ke kaiwa santimita 13 ko 14. Shi wannan in ka tashi da safe za ka ga tambarin leɓɓansa a jikin gilashi, zagaye-zagaye jere, duk inda ya kankare da baki. Aibinsa, in gansakuka ta ƙare wani ba ya karɓar abincin gwangwani, sai ka ga cikinsa ya shafe. Duba cikinsa kafin ka biya kuɗi, in a lotse yake ka bar musu kayansu.

Nasiru_Legas:
Bileni ba zai iya da wannan aikin ba, yallaɓai. Gansakukar da ta riga ta yi tsawo ba ya kula ta. Duk mai gonar murjani da na sani kifin da ake kira tan yake sakawa. A cikin ire-irensa ka nemi tomini ko kole, ko ruwan ɗorawan nan na Hawai in aljihu ya yarda. Tun safe har dare kiwo suke yi, ba hutu.

Injiniya_Bello:
@Nasiru_Legas a lita 200? Ƙaramin cikinsu, tomini, ana ba shi lita 280 ne zuwa sama. Ruwan ɗorawan kuwa sai wajen 380. Kuma kole da tomini haƙoransu na goge dauɗa ne da gansakuka mai laushi, su ma ba gwanayen mai tsawon ba ne.

Nasiru_Legas:
Lissafin lita na tankin ado ne mai zurfi. Kifi tsawo da faɗi yake iyo, ba sama da ƙasa ba. Tankin dashe mai 120 da 60 filinsa ya fi na wani mai lita 300 da aka yi shi dogo siriri. Na ga tomini ya shekara a irinsa lafiya ƙalau.

Dakta_Asmau:
Ku biyun kuna magana kamar tankin a Legas yake ko a Turai. Ku tuna inda Malam Abu yake zaune. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi, ya gaza shi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. A zafin digiri 25 ruwan daɗi yana ɗaukar miligiram 8 da ɗoriya a lita, na teku bai kai 7 ba, kuma da zafi ya ƙaru sai ya ƙara raguwa, a daidai lokacin da jikin kifin ke neman ƙari. Yanzu ku ɗauka Afrilu ne, waje yana 43, an ɗauke wuta da azahar, famfo ya tsaya. Wanda zai fara kifewa shi ne babban kifi mai yawan zirga-zirga, wato tan ɗin nan da ake gardama a kai. Murjanin zai iya jure 'yan sa'o'i, kifin ba lallai ba. In kuma ya mutu a ƙarƙashin raga ba a gani ba, ammoniyarsa, gubar da ruɓewarsa ke fitarwa, ita za ta bi ta kan dashen.

Don haka tambayar da zan yi kafin a zo kan sunan kifi: Malam Abu, me ke riƙe da famfonka in babu wuta?

Abu_Mabera:
Dakta, ina da sola da inbata. Fitila da famfon juya ruwa suna kai. Na'urar sanyaya ruwa ce inbatar ba ta ɗauka, sai da wutar gari. In babu, fanka nake kunna wa saman ruwan.

Sola_Arkilla:
Fanka a garin nan ba abin rainawa ba ce. Iskarmu busasshiya ce, to aikin randa take yi: ruwa na tashi, saura na yin sanyi. A bazara tana iya sauke maka digiri biyu zuwa uku. Da damina ta shigo iska ta jiƙe sai ƙarfinta ya ragu, amma lokacin zafin ma ya ɗan sassauta. Abin lura shi ne ruwan da kake asara. Gishiri ba ya tashi, ruwa kaɗai ke tafiya, saboda haka da tataccen ruwan daɗi ake cikewa, ba da na gishiri ba. A tanki mai faɗin baki irin naka za ka iya rasa lita da yawa a wuni guda. Sa ɗan famfon cikewa mai aiki da kansa. Kuma ka ware ƙaramin batir daban wa famfon juya ruwa, kada ya dogara da inbatar gida, don ranar da yara suka kunna dutsen guga ita ce ranar.

Hajiya_Luba:
Ku yi haƙuri in katse ku. Wai murjanin nan da kuke ta yanka kuna dasawa, shi ne wanda ake sakawa a kayan lefe? In shi ne ni ma a koya mini, in huta da saye.

Dakta_Asmau:
Hajiya, dangi ne amma ba shi ba ne. Jan da ake sarƙa da shi, Corallium rubrum, a Bahar Rum yake fitowa, can ƙasa inda haske bai cika kaiwa ba, kuma girmansa a shekara 'yan milimita ne. Ko jikokinki ba za su ga sarƙar ba. Na su Malam Abu na ruwa mai ɗumi ne marar zurfi, irin na Indonesiya da Ostireliya da Bahar Maliya, in ya mutu farin ƙashi yake bari.

Hajiya_Luba:
To Allah Ya ba da sa'a, na koma kasuwa.

Dan_Wurno:
Abin da ya ba ni mamaki, har yanzu ba wanda ya ambaci moli. Moli dai, baƙin nan da ake sayarwa a shagunan kifin ado na ruwan daɗi, wanda yara ke saye. Asalinsa gaɓar Meziko da kudancin Amurka ne, inda kogi ke haɗuwa da teku, yana rayuwa a ruwan daɗi, yana rayuwa a cikakken ruwan gishiri. Sai dai a bi shi a hankali: a sa shi a bokiti da ruwansa, a riƙa ɗiga masa ruwan gishiri kaɗan-kaɗan. Wasu a wuni guda suke gamawa, ni na fi son a ja abin ya ɗauki kwanaki, an fi samun waɗanda suka tsira.

Nawa tun da suka saba ba su da aiki sai tsince raga. Za ka ga ɗaya ya tsaya da kai ƙasa, yana tsattsage gefen marfi da ɗan bakinsa mai kallon sama, ya zagaye zowar tsaf bai taɓa ta ba, sai ita ta ɗan rufe ta sake buɗewa. Yana jure zafi fiye da kifayen da ake kawowa daga teku. Bai san jirgin sama ba. In ya mutu ba ka yi asarar albashi ba. Sannan tunda a ruwan daɗi aka haife shi, ba ya zuwa da cutar farin ɗigo ta teku, don ƙwayar ruwan daɗi daban take kuma ba ta rayuwa a gishiri.

Nasiru_Legas:
Haba Ɗan Wurno. Mutum ya kashe wannan uban kuɗi a fitila da gishiri da murjani, sannan ya zuba moli? Ai ko baƙo ya shigo sai ya yi dariya.

Dan_Wurno:
Ya ce ma'aikaci yake so, ba ado ba. Koma sama ka karanta.

Injiniya_Bello:
Moli yana aiki, ban musa ba, amma a faɗi aibinsa. Ba gwanin iyo ba ne a ruwa mai ƙarfi. Montifora na son igiyar ruwa, in Malam Abu ya ƙara murjanin akurofora nan gaba zai ƙara famfo, sai ka ga molin ya maƙale a lungu yana haki, wani ma famfon ya zuƙe shi da dare. Mai babban tuta a baya ya fi ƙarfi, shi za a nema. Kuma haihuwa yake yi ba ƙwai ba, ba ya gajiya. Dakta tana maganar rage kifi saboda iska, kai kana kawo wanda zai mayar da uku su zama talatin.

Sarkin_Ruwa_Kwalkwalawa:
To in haka na, ku sa karhwasa mana. Ita ma gansakuka taka ci, kuma ga ta nan banza ga gulbin Rima. In ta girma a soye.

Dakta_Asmau:
Baba, ba ka yi nisa da gaskiya ba, akwai dangin karfasa da ke jure gishiri sosai, musamman ta Mozambik. Amma ta gulbinmu ba ta kai ta ba, ga girma, ga haƙa, ga kashi. Kwana kaɗan za ta watsar masa da dashen gaba ɗaya.

Maryam_Gawon_Nama:
Ni tawa gudummawar a kan waɗanda ba za a saka ba ce, don masu sayarwa ba sa faɗa. Duk wani kifin malam-buɗe-littafi ka bar shi, da yawansu naman murjani ne abincinsu na asali. Ƙananan anjel irin su Centropyge, masu kyan nan ja da shuɗi, caca ce: wani ya shekara bai taɓa komai ba, rana ɗaya ya fara tsinken zowa. A babban tankin ado ɗan tsinke ba komai ba ne, amma dashen da bai fi kan yatsa ba in aka tsinke shi sau biyu ya rufe ke nan. Mandarin kuma kada kyansa ya ja ka. Ƙananan ƙwarin da ke cikin dutse da yashi yake ci wuni guda, tanki mai gilashi zalla yunwa ce za ta kashe shi a hankali. Gobin da ke tace yashi ba shi da abin yi a wurinka, in ma da yashin, ɗiba yake ya tashi sama ya zazzage a kan murjani.

Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa kifin shaho ba ya ɓarna. Gaskiya ba ya cin murjani, amma zama yake yi a kansa, ya zaɓi reshe ɗaya ya mayar da shi kujera, sannan duk jatan landen da ke tankin nasa ne.

Abu_Mabera:
Na gode Malama Maryam. Kilawun fa? Shi ne yara suke ta roƙo, ɗan lemun nan mai farar ɗamara uku.

Maryam_Gawon_Nama:
Wannan kilawun, Ocellaris, in a gona aka haife shi yana da ƙwari, yana cin duk abin da aka ba shi, kuma zai ba ka takin da Injiniya ya ce. Gansakuka dai ba ya ci. Matsalarsa biyu. In bai sami gidan da ya saba ba sai ya zaɓi wani murjani mai laushi ya riƙa birgima a ciki, wani murjanin ya jure, wani ya ƙi buɗewa. Na biyu, in ka sa biyu babban zai zama mace, da sun fara ƙwai kuwa hannunka ya shiga uku. Tankin dashe kullum hannu a ciki yake. Tawa har jini ta taɓa fitar mini a tsakanin yatsu. Jan nan mai duhu, mai ƙaya a kumatu, shi kam kada ma ka fara.

Injiniya_Bello:
Akwai aikin da ba a taɓo ba, kuma a tankin dashe ya fi gansakuka muhimmanci: ƙwari. Duk dashen da ya shigo daga hannun wani yana iya zuwa da tsutsa shimfiɗaɗɗiya, ko ƙaramar farar tsutsar nan mai cin montifora, ko 'yan katantanwa masu cin zowa. Nan ne kifin da ake kira ras yake da rana. Mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, bai wuce santimita 10 ba, wuni yake yana leƙa ƙarƙashin kowane marfi da jajayen idanunsa. Ba ya bukatar yashi, da dare wata jakar majina yake saƙa wa kansa a lungu ya kwana ciki. Halinsa ne ba kyau. In ya riga kowa shiga tanki ya zama mai unguwa, duk wanda ya zo bayansa sai ya kore shi har ya yi tsalle waje. A sa shi a ƙarshe.

In ana son mai sauƙin kai, akwai ruwan ɗorawan Halichoeres chrysus ko melanurus. Su a yashi suke nutsewa su kwana, to sai a sami robar abinci a cika ta da yashi mai laushi kamar zurfin santimita 5 zuwa 7 a ajiye a kusurwa, da kansu za su gano ta. Dukkansu masu tsalle ne, tanki marar zurfi kuwa sai da murfin raga.

Dakta_Asmau:
A ƙara da cewa ras taimako ne, ba magani ba. Kowane sabon dashe a tsoma shi a ruwan wanke murjani, a cire shi daga tsohon marfinsa a manna a sabo, don ƙwan tsutsar montifora maganin ba ya kashe shi, a ƙasan marfi da gindin murjanin ake manna shi. Sannan tunda an ambaci zowa kuma na ji akwai yara a gidan: wasu daga cikin danginta, musamman Palythoa, suna da guba mai tsanani. Safar hannu da tabarau lokacin yanka, a wanke hannu, kada a yi da rauni a fata, kuma kada a taɓa tafasa dutsen da take kai ko a zuba masa ruwan zafi, tururin ya kwantar da iyalai a asibiti a ƙasashen waje.

Ummu_Khadija:
Innalillahi. Maigidana yana da irin wannan a falo ban taɓa sani ba. Yau za mu yi magana.

Dan_Goronyo:
Ina ta karatu ina murmushi da Baba Sarkin Ruwa ya ce teku tana Legas. Baba, teku ta taɓa zama a nan inda muke. Shekaru miliyan sittin da wani abu da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara ya rufe wannan yanki. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita a gindin wannan teku ta taru, in ka fasa wani dutsen za ka ga ɓawon katantanwar ruwa a ciki. Akwai ma wani ƙaton dabban teku mai kama da kada da aka tono ƙasusuwansa a yankinmu, masana suka sa masa suna Goronyosaurus. To tambayata ga Injiniya: tunda dutsen nan na teku ne, ba za a iya sa shi a tanki a madadin wanda ake sayowa da tsada ba?

Sarkin_Ruwa_Kwalkwalawa:
Ikon Allah. Ashe mun makara ne.

Injiniya_Bello:
@Dan_Goronyo sinadarin kusan ɗaya ne da ƙashin murjani, saboda haka a ƙa'ida ba zai cutar ba. Abin tsoro shi ne abin da ya haɗu da shi, laka da ƙarfe da fosfet. In kana son gwadawa, wanke shi, jiƙa shi a bokitin ruwan gishiri na wasu makonni, ka riƙa auna fosfet. Sannan ya fi dutsen teku nauyi da toshewa, ƙwayoyin tace ruwa ba za su sami wurin zama da yawa ba. A tankin ƙasa zan gwada shi, ba a wurin dashe ba.

Sola_Arkilla:
Maganar fosfet ta tuna mini. Malam Abu, yaushe gansakukar ta fara? In da hunturu ne, ka duba ƙura. Hazon da ke sauko mana daga wajen Chadi yana ɗauke da fosfet da ƙarfe, tanki mai buɗaɗɗen baki da fanka a kansa kuwa duk abin da ke ɗakin a ruwan yake ƙarewa. Ga kuma ruwan burtsatsenmu mai nauyi, yana saurin cinye matatar ruwa. In na'urar awon abin da ya narke a ruwa ta daina nuna sifili a ruwan da ka tace, gansakuka kake shayarwa, ko tan goma ka zuba ba za su ci ƙarfinta ba.

Abu_Mabera:
Da hunturu ta fara kam. Ruwan tacewa yana nuna 4 yanzu. Zan canja matatar.

Nasiru_Legas:
To ka ga. Amma ina nan a kan bakana, in ruwa ya gyaru tan ɗaya ya fi tarkacen nan duka. In ba a son tan, akwai fuskar-yanyawa, Siganus vulpinus, yana cin har gansakuka mai ƙwallo-ƙwallo da sauran ke ƙi.

Maryam_Gawon_Nama:
Wanda ke kaiwa santimita 20 da ɗoriya, ga ƙaya mai dafi a baya, a tankin da zurfinsa bai kai kamu biyu ba kuma hannu kullum a ciki? Kuma in ya ji yunwa zowa yake komawa. Malam Nasiru, sayarwa kake yi ne?

Nasiru_Legas:
Ba na sayarwa, Hajiya, sha'awa ce kawai. Kuma tunda an zo maganar saye, a san halin kasuwa. Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan murjani, ruwan Neja da laka sun hana, kusan komai daga waje yake zuwa, Indonesiya, Filifin, Siri Lanka, Kenya. Ruwan ɗorawan Hawai da na ambata, tun da kotu ta tsayar da kamun kifin ado a can a farkon 2021 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, yanzu na gona ake samu, wanda aka fara nasarar haifarwa a 2015. Indonesiya ma ta rufe fitar da murjani daga 2018 zuwa farkon 2020. Murjani mai ƙashi kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittun da ake fatauci tsakanin ƙasashe, sai da takarda yake ƙetare iyaka. Shi ya sa abin da Malam Abu yake yi yana da amfani, in ya yi nasara mu ma daga wurinsa za mu riƙa saye.

Dakta_Asmau:
Duk wanda aka zaɓa daga cikin na teku, kada ya wuce kai tsaye cikin tankin dashe. A killace shi a wani ƙaramin tanki na wata guda ko fiye. Dalili: maganin farin ɗigo da na cutar ƙura-ƙura jan ƙarfe ne a ciki, jan ƙarfe kuwa yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande. In cutar ta shiga tankin dashe ba ka da hanyar magani a ciki, sai ka kwashe kifin duka ka bar shi babu kifi, abin da aka saba bayarwa kwana 76 ne, kafin ƙwayar ta mutu don rashin mai ɗaukarta. Tan kuwa shi ne kan gaba wajen kamuwa.

Game da kawowa: daga Legas zuwa nan ta mota wajen kilomita dubu ne, a biyo da shi ta jirgi, kuma ba a Maris zuwa Mayu ba. Kifin da ya daɗe a leda kada a tsaya ɗiga masa ruwa na sa'o'i. Muddin ledar na rufe ammoniyar ciki ba ta da kaifi sosai, da an buɗe iska ta shiga sai ta koma guba. A daidaita zafi da ledar a rufe, a daidaita gishirin tankin killacewa da na ledar, a tsamo shi a saka.

Ummu_Khadija:
Na ji an ce murjanin Tekun Fasha yana rayuwa a ruwan da ya kai digiri 34. Me zai hana a nemo irinsa a huta da maganar sanyaya ruwa?

Dakta_Asmau:
Gaskiya ne yana jurewa, amma ba shi ake sayarwa ba. Na kasuwa daga ruwan da ke tsakanin 26 da 29 yake, in ya daɗe sama da 30 sai ya tofar da tsirran cikinsa ya yi fari fat. Ranar da abin ya ƙwace, gorar ruwa da ta daskare, a rufe gam, a jefa a tankin ƙasa. Ƙanƙarar kasuwa tsirara kada ta shiga.

Injiniya_Bello:
Kada a manta ba kifi kaɗai ke cin gansakuka ba. Katantanwar turokus guda shida zuwa takwas za su yi aikin da bileni ba zai yi ba, ba sa shan iska da yawa, kuma in sun faɗi a baya suna iya juyawa da kansu. Katantanwar turbo kuwa manya ne, ture marafai suke yi. Gansakuka mai tsawon kuma ka fara cire ta da hannu da tsohon buroshin haƙori a wajen tanki, babu dabbar da ke son ta in ta tsufa.

Abu_Mabera:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Abin da na tsayar a yanzu: zan canja matata, in goge ragar, in nemo turokus, in fara da moli uku tunda suna kusa. In an shiga damina sai in yi odar bileni mai ɗigo a wutsiya, mai layi shida ya zo daga baya. Kilawun zan haɗa wa yara nasu daban in Allah Ya hore. Malam Nasiru, tan sai na yi babban tanki.

Nasiru_Legas:
Za ka dawo kan maganata kafin Babbar Sallah. Ina ajiye wannan saƙon.

Maryam_Gawon_Nama:
Ni mai layi shidan ne ban yarda da shi ba. Moli ba shi da gudu, bilenin kuma ƙarami ne, a fili irin wannan babu dutsen ɓuya zai addabe su. Da ras ruwan ɗorawan ka ɗauka da robar yashinsa.

Injiniya_Bello:
Shi kuma yana kifar da marafai yana neman abinci a ƙasansu, in ba a soke su da kyau a ragar ba. Kowanne da nasa. A jefa 'yan guntayen bututun roba a ƙarƙashin raga, sun isa maɓoya.

Abu_Mabera:
@Dan_Wurno yaya zan yi da maganar haihuwar da Injiniya ya kawo?

Dan_Wurno:
Maza zalla za ka saya. Duba fiffiken da ke ƙarƙashin ciki kusa da wutsiya: na namiji siriri ne mai tsini a kwance, na mace a buɗe yake mai kusurwa uku. Kada ka ce za ka ɗauki mata zalla, macen tana ajiye ruwan namiji a jikinta, sai ta yi ta haihuwa wata da watanni babu namiji a tankin. Uku ko huɗu ka ɗauka, in biyu ne ɗaya zai sa ɗaya a gaba. Kuma ka zaɓi baƙaƙe wuluk, don ranar da farin ɗigo ya shigo tankin a jikinsu za ka fara ganinsa.